Dogon da Na Yanka

Asabar, 5 ga Fabrairu

Sun shafa jan fenti a bangon gidanmu. Ikhla, wato mu tashi. Mako guda suka ba mu, duk layinmu na bayan unguwar Sharafiyya rushe shi za a yi. Kaya ba su dame ni ba, me muke da shi? Keken ɗinkina, tukwane, gadon mijina Abu Najwa. Teburin jirgin ƙasansa na wasa ne ya tsaya mini a rai.

Litinin, 7 ga Fabrairu

Abokinsa Muntaka mai dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, wanda zai kwashe mana kaya, ya zo ya auna. Teburin mita uku da rabi, ga kwana. Ƙofa kuwa ko kabad da ƙyar take wucewa. A cikin ɗakin aka gina shi shekara goma sha tara da suka wuce, ba wanda ya yi tunanin ranar fita. Muntaka ya ce, "Hajiya, sai dai zarto." Na ce ya rage murya. Amma Abu Najwa ya ji. Ciwon ya shanye masa ɓarin dama da harshe, bai taɓa kunne ba.

Allah ya yafe wa Baturen nan ɗan Ailan. Shekara goma sha ɗaya mijina na yi masa kafinta a tashar jiragen ruwa, da zai koma ƙasarsu sai ya bar masa akwati biyu na jiragen ƙasa 'yan mitsi-mitsi da littafi mai hotuna. Shi ke nan na rasa ɗaki guda. Mutumin Gusau, bai taɓa ganin Ailan ba, ya zauna ya gina a kan teburin 'yar tashar jirgin wani ƙauyensu da su kansu suka rufe tun kafin a haife shi. Ga turken shanu, ga tankin ruwa, ga ciyawa da ya rina da soson katifata. Katifata sabuwa!

Amma tun da ya kwanta, a gaban teburin nan kawai yake cin abinci. In tura shi a kekensa na marasa lafiya bayan la'asar, ya riƙe makunni da hagu, jirgi na zagayawa ina ɗura masa.

Asabar, 12 ga Fabrairu

Muntaka ya ɗora zarto, ya sauke. Wai ba da hannunsa ba. Maza ke nan. Ni na yanka, gida uku. Abu Najwa na kan kekensa a bakin ƙofa, ban waiwaya ba.

Lahadi, 20 ga Fabrairu

Sabon gida kusa da masana'antu. Ɗaki biyu, warin roba daga safe har dare. Bayana kamar an daka. Guntayen teburin suna jingine a bango na lulluɓe su da zani.

Abu Najwa ya juya fuska ga bango. Cokali uku jiya, yau biyu. In na zo gyara masa filo sai ya rufe ido.

Talata, 22 ga Fabrairu

'Yarmu Najwa ta zo daga gidan mijinta. Ta ɗaga zanin ta ce, "Ummi, halas, irmi, ki jefar. Abin wasan yara ne." Abin da nake faɗa shekara goma sha tara ke nan, amma da ya fito daga bakinta sai na ji haushi. Na ce ta je ta wanke mini tukunya.

Alhamis, 3 ga Maris

Asibiti. Ya ragu kilo huɗu. Likita ta ce in bai koma cin abinci nan da mako biyu ba, roba za su zura masa ta hanci. Na san mijina. In aka yi masa haka ba zai daɗe ba.

Asabar, 5 ga Maris

Muntaka ya haɗa katakon da ƙusa, wannan dai ya iya. Saura dogon jirgin, wuri biyu da zarto ya cinye, kowanne kamar taƙi guda. Na hau mota har Sharafiyya, na yi shago huɗu kafin na samu mai sayar da irin kayan. Na sayo dogo a kwali ina jin kaina wata gwana.

Na shimfiɗa, na turo Abu Najwa ya gani. Na ɗora kan jirgi, ƙafafun suka ƙi zama, ɗaya a kan dogo ɗaya a waje. Na danna, na juya, a banza. Ya dube ni, karo na farko tun ranar zarto, da irin kallon da ake yi wa wanda ya zuba gishiri a shayi.

Sai a kicin abin ya faɗo mini. Labarin nan da Abu Najwa yake damun baƙi da shi! Wai da can a Ailan kamfanoni uku kowa da faɗin dogonsa, jirgin wannan ba ya hawa na wancan, har aka yanke musu ƙafa biyar da inci uku, faɗin da ko maƙwabtansu ba sa amfani da shi. Na shago ya fi ƙunci, shi ya sa kowane dogo da hannunsa ya yi. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari ina raba shayi. Ashe ban taɓa saurara ba.

Lahadi, 6 ga Maris

Ban yi komai ba. Na gaji.

Talata, 8 ga Maris

Na zazzage akwatinsa. A gwangwanin madara na samu ma'aunin faɗin dogon, ɗan guntun tagulla mai tsagi biyu, sai siraran ƙarafan dogo da dalma da ƙarfen narka ta. Na jera su a gabansa na ce, "To, Malam, ni ban iya ba, kai ba ka da hannu. Ka ƙwanƙwasa sau ɗaya in daidai ne, sau biyu in na yi shirme."

 Na ɗauki ƙarfen narka dalmar ta wajen tsininsa maimakon mariƙi. Ƙwas ƙwas, har keken na girgiza.

Alhamis, 10 ga Maris

Yatsu biyu sun ƙone. Shekara talatin ina zura zare a allura, yau ɗan guntun ƙarfe ya mai da ni 'yar koyo. Ƙwas ƙwas, ƙwas ƙwas, wallahi har a sallah nake jin ta.

Amma na samo dabara. Na ajiye faranti a gefe na ce, "Cokali ɗaya, ɗigon dalma ɗaya. Ba ka ci, ba na liƙa." Ya harare ni. Ya buɗe baki. Cokali goma sha ɗaya.

Talata, 15 ga Maris

Mahaɗin farko ya yi. Jirgi ya wuce da taragon shanu biyar bai ko yi tuntuɓe ba. Na yi guɗa ni kaɗai, Allah na tuba, tsofai-tsofai da ni. Rabin faranti.

Alhamis, 17 ga Maris

Likita ta ɗage maganar roba. Ta tambayi me na canza masa, na ce miya.

Talata, 22 ga Maris

Mahaɗi na biyu a kan kwana yake. Kwana biyar ina fama. In jirgin ya zo nan sai ya kife, shanu a ƙasa. Na warware sau huɗu. Ido na yaji, wuya ya ƙage. Tahani, wadda ta kawo mini ɗinki, ta aiko sau biyu kan rigar bikin ƙanwarta, ko yankawa ban yi ba. Ni Rabi, wa ya aike ni?

Asabar, 26 ga Maris

Jirgin ya sake kifewa bayan la'asar. Na kifa kaina a bakin teburin, ban san na daɗe haka ba. Sai na ji ƙarar cokali. Na ɗago, ya jawo farantin da hagu yana ci da kansa, shinkafa duk a rigarsa. Ya cinye tas, ya tura mini farantin in gani. Ya yi ta kokawa da bakinsa, sannan:

"Ra... bi. Bari. Kin gaji."

Wata bakwai ban ji sunana a bakinsa ba. Ya nuna teburin, ya nuna ƙofa. Wai in fitar da shi, zai ci ko babu jirgi.

Na ce, "Wa ya ce maka don kai nake yi?"

Na juya masa baya na jona ƙarfen a wuta, don kada ya ga fuskata. Dogon waje ne ya yi ƙasa kaɗan, tun jiya nake zarginsa. Ban jira ya ƙwanƙwasa ba.