Kaluluwar da Ba Ta Ciwo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ya aikin asibiti?

Kaluluwa ce ta fito min a hammata, ta kai ƙwan tattabara. Na duba hannun kaf ina neman raunin da ya jawo ta, ko ƙwarzane babu. Abin daɗin ma ba ta ciwo, sai dai in na ɗaga hannu ina aski na ji ta tokare. Matata ta ce rowata ce ta taru wuri ɗaya.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta hana ni sukuni. Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi masu kwashe ruwan da ke taruwa a tsoka su mayar da shi cikin jini. A wuya da hammata da matsematsi suna da 'yan matatu masu tare ƙwayoyin cuta. In sun kama faɗa sai su kumbura su yi zafi, rauni na warkewa su sace. Wadda ba rauni, ba zafi, ita nake tsoro.

Rufe shagon ka je a duba ka. Kada ka ce sai ka samu sarari, na san halinka.

Allah ya tsare,
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe min dogon shirun, sai da wata ta fito a wuya sannan na je. Sun yanki kaɗan sun gwada. Sankara ce, kuma ta bi hanyoyin nan da kika faɗa har ƙirji. Likitan ya yi ta juya biro yana kallon tebur.

Jiya reza ta suɓuce min a kan wani dattijo. Bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya yi min sannu. Na rufe shagon. Wallahi Yaya ina jin tsoro.

Naki,
Auta

Auta,

Ya jikin? Na nemi hutu, sun ce sai ƙarshen wata mai zuwa. Ka daure ka riƙa cin abinci. In jira, ko in bar musu aikinsu in taho?

Allah ya ba ka lafiya,
Yayarka

Yaya,

Na gode. Kada ki jira.

Auta