Mutumin Damagaram

Daren Talata, Kazaure.

Na gaji ƙwarai. Yau sakamakon gwajin ƙwayoyin halittata ya fito, wanda na tura yawuna waje aka yi. Niyyata in san ko da gaske daga Borno kakanninmu suka zo. Sai ga hoton wani mutum a Damagaram, wai ubanmu ɗaya.

Na hau acaɓa har Roni na nuna wa Baba hoton a wayata. Ya daɗe yana kallon wayar.

"Baba, kun san shi?"

"Na auri uwarsa ina fatauci a can. Muka rabu, ban san tana da ciki ba. Ya sunansa?"

Na ce Bukar.

Ya ce, "Sunan mahaifina ta sa masa."

Gobe ni zan gaya wa Umma.