Na Yanka wa Imran Riga da Tsohon Awonsa

Tahir, ɗanka Imran ya yi magana! Yau kwana uku ke nan da aka raba shi da injin numfashi, da ƙirjinsa yake ja yana saki, kuma jiya da hantsi ya buɗe baki ya tsokane ni a gaban mutane.

Ka gafarce ni, ɗoki ya sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ruƙayyatu da yara da jaririyar da ba mu gani ba tukuna. Allah ya tsare ku a Fatakwal, ya karɓi azuminmu baki ɗaya. Mu nan Moduganari mun gode Allah. Har yanzu babu layin waya, shi ya sa na ɗauki biro. Cosmas, mai sayar mini da zare da maɓalli a Kasuwar Kwastam, zai tafi gida jibi, shi zai miƙa maka wannan. Idan ka ga rubutun yana hawa yana sauka, kada ka ɗora wa malaminmu na ajin yamma laifi, ni ne na kasa zama wuri ɗaya. Sau huɗu ina tashi daga kan takardar nan in zagaya tsakar gida in dawo.

Akwai laifin da zan faɗa maka. Ranar da za ka koma, kwana goma sha biyu bayan harsashin nan ya same shi a hanyar kasuwa, ka bar mini magana biyu. Ka ce idan ya kai kwana arba'in bai farfaɗo ba, in ɗauko shi daga asibiti ya cika a ɗakinsa cikin 'yan'uwa. Ka ce kuma kada in yarda a yi gwaji da shi. Duka biyun na saɓa. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Bayan tafiyarka raunin ya haɗe, amma yaro bai tashi ba. Aka huda masa maƙogwaro aka mayar da bututun injin can. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Wata rana ya buɗe ido ya san mu, wata rana ya dube ni kamar baƙo. Abinci ta hanci ake ba shi, ba a fasa ba ko sau ɗaya, amma kullum ƙara tsotsewa yake. Minti goma ake ba mu a ɗakin, safe da yamma, ni da mahaifiyarka Ya Kellu, sauran yinin muna zaune a baranda muna lissafin lokacin dokar hana fita.

A kwana na talatin da takwas na tuna azumi ya matso, kuma ka san tun yana ɗan shekara bakwai rigarsa ta Sallah nake fara yankawa kafin ta kowa. Ban gaya wa kowa ba, na sa tef ɗin awo da littafina a aljihu. Da muka shiga, na ɗora tef a kafaɗarsa na ja zuwa ƙasa don in ɗauki tsawo. Sai Ya Kellu ta ƙwalla ƙara, ta fizge tef ɗin, tana cewa ashe an gaya mini ya cika na ɓoye mata. Ban ga laifinta ba. Ta san likkafani nawa na yanka wa unguwar nan a shekara biyu, kuma ta san daga kafaɗa nake farawa. Ma'aikata suka shigo a guje, ni ina rantsuwa riga ce, ita tana kuka tana dukan hannuna.

Cikin waɗanda suka shigo akwai Dokta Nneamaka. Haifaffiyar garin nan ce, Hausarta ta fi tawa. Na ɗauka korata za ta yi, sai na ga ta tsinci littafin daga ƙasa tana juya shi shafi-shafi. Ta tambaye ni ko duk wannan awon mutum ɗaya ne. Na ce nasa ne, wuya da ƙirji da damtse da cinya, sau biyu a shekara, ƙaramar Sallah da babba, shekara goma sha biyar. Ta ja ni baranda ta zauna kusa da ni. Ta ce tana bincike a kan irin su Imran, waɗanda suka tsallake haɗarin farko amma suka maƙale, ba su tafi ba kuma ba su tashi ba. Ta ce jikin irin wannan majiyyaci naman kansa yake ci, tun daga makon farko, kuma abinci kaɗai ba ya mayar da shi. Har naman da ke jan numfashi a ƙarƙashin haƙarƙari yana sanyi, domin inji ya karɓe masa aiki. Abin da kullum yake yi mata wuya, in ji ta, shi ne mutum yana zuwa hannunsu ne bayan ya faɗi, ba wanda ya san yadda jikinsa yake a da. Ga shi yau tela ya kawo mata a rubuce.

Ta ba ni takardar yarda da Hausa. Ban dangwala yatsa ba, Tahir. Na tafi da ita gida, kwana biyu ina bin ta layi-layi da tsinke kamar yadda muke yi a aji. Babu sabon magani a ciki, babu wata allurar da ba a sani ba. Awo ne, da ɗibar jini kaɗan, da motsa masa gaɓoɓi, kuma an rubuta ranar da na ga dama in janye shi. Ranar da ya cika arba'in, ranar da ka ce in ɗauko shi, ranar na rubuta sunana a ƙasa.

Daga nan aka ba ni aiki. Litinin da Alhamis ni nake auna damtse da cinya, ita tana duba ko na matse tef, kamar ni za a koya wa awo. Aka kuma kawo Manasse, mai motsa jiki. Wannan bawan Allah ya sha zagi a wajen mahaifiyarka. Mu mun tashi mun ga mara lafiya kwantar da shi ake yi, a yi masa fifita, a hana shi ɗaga ko cokali. Shi kuwa Manasse ya lanƙwasa masa ƙafa, ya miƙe, ya zaunar da shi a bakin gado da bututu da komai, yaro yana gumi yana hawaye. Ya Kellu ta ce masa marar imani. Ya ce mata ya ji, Mama, gobe ma zai dawo.

Damtsen da na sani inci goma sha uku, na same shi tara. Ya sauka takwas da rabi. Mako uku yana nan, ina rubuta lamba ɗaya har na fara jin kunyar littafin. Ana cire shi daga inji minti goma, sannan rabin awa, sannan awa biyu, sai zazzaɓi ya dawo aka koma farko. A lokacin na yi ta jin muryarka a kunnena, na ce ko dai wahalar da shi nake yi don son zuciyata. Sai wata Alhamis tef ya nuna takwas da kwata uku. Na sake aunawa sau uku. Dokta ta karɓa ta auna da kanta, ita ma haka ta samu, na rubuta a littafin.

Jiya, kwana tamanin da ɗaya, suka sa wa bututun wuyansa wani ɗan murfi don iska ta bi ta baki. Ina tsaye da tef a damtsensa sai na ji wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa. Cewa ya yi tsohon nan har yanzu bai mutu ya bar masa keken ɗinki ba. Na ce masa wanda bai iya ɗaga kofi ba, da wace ƙafa zai taka keke. Ya ce wa Ya Kellu matarsa ta rame, ko kishinsa ne ya sa nake hana ta abinci. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta nemi Manasse ta riƙe masa hannu tana ta yi masa sannu da yarenmu, wushe, wushe. Da numfashinsa ya daidaita, ya tambaya ko ka san yana nan. Wannan ce ta hana ni zama tun jiya.

Ba zan ɓoye maka ba, Dokta ta ce ba a gama ba. Ramin wuyansa bai rufe ba, bai iya tsayuwa ba, yana manta abin da aka gaya masa da safe. Ta ce ƙarfi zai ɗauki watanni, wataƙila shekara, kuma akwai waɗanda suke komawa kan inji bayan an raba su. Duk wanda ya yi tari a baranda sai gabana ya faɗi. Amma na yanka shaddar, ruwan toka, kuma da tsohon awonsa na yanka, goma sha uku. Mahaifiyarka ta ce in rage, don rigar za ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Na ce ba zan rage ko kwata ba, shi zai biyo ta.

Ka gaishe mini da Ruƙayyatu, ka ce addu'arta ta iso. Ka gaishe da yaran, Siddiƙa da Ammatullahi, su karanta wannan da ƙarfi kowa ya ji. Ya Kellu tana gaishe ku. Na san ɗan fari ne, ko sunansa ba ka kamawa, amma wannan karon ka ajiye kunyar nan a Fatakwal. Ku kwana a Damaturu, ku shigo da rana tsaka kafin a rufe hanya, kowa da katinsa na shaida a hannu. Saura kwana goma Sallah. Idan fushi kake yi, ka zo ka yi shi a gabana.

Mahaifinka ne, Ba'ana Tela, yake kiran ku duka, manya da yara har da jaririyar. Ranar Sallah za mu zura masa rigar a kan gado, ku zo ku ga yadda take yi masa yawa, don wata rana ku shaida da idonku cewa ya cika ta. Ku zo ku gani.