Fiffiken Jirgin Malam Emmanuel

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Ni, Zakariyya'u Shehu, mai gyaran takalmi a unguwar Nasarawa shekara talatin da ɗaya, kuma monitan ajin yaƙi da jahilci, da hannuna nake rubuta wannan.

Yau malaminmu, Malam Emmanuel, ya danƙa mini amana a gaban aji. Yana da ƙaramin jirgin sama na farin soso, irin wanda ake samu cikin kwalin firji, mai farfela da batir. Wata huɗu ya yi yana sassaƙa shi domin ya tashi ranar Asabar, a bikin yaye mu. Jiya fiffiken dama ya karye. Ya tambaya ko akwai wanda ya san gam. Na miƙe.

Madam Janet, 'yar ajinmu mai ƙawata wuraren biki, wadda har yau rubutunta ba ya zama a kan layi, ta ce gam ɗin takalmi ba ya shiri da soso, in fara gwadawa a kan guntu. Na shaida mata cewa gwaji aikin ɗan koyo ne.

Talata, 8 ga Oktoba

Na bi ƙa'idar sana'a: na goge gefe biyun da samfefa, na shafa gam, na ajiye ya sha iska kafin a haɗa a danne. Na tafi sallar azahar. Ko da na dawo, soson ya narke kamar alewa a rana. Ramin zai ɗauki yatsuna uku.

Laifin soson ne. Fata ba ta taɓa yi mini haka ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ban je aji ba. Na ɗiga sufa gulu, shi ma ya ci nasa rabon. Malam ya bugo waya, na ce ana kan aiki. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na naɗe jirgin a buhu, na hau keke zuwa shagon Madam Janet a Sabon Tasha, ba domin neman taimako ba, sai domin jin ra'ayi. Madam Janet ta buɗe buhun, ta daɗe tana kallo.

"Baba Monita, ɓera ne ya ci, ko kai ne?"

Ta yanke duk inda ya lalace, ta sassaƙo sabo daga soson da take yanka sunayen amare da shi. Ta soka tsinken tsire biyu a ciki, ta shafa farin gam na kafinta, gam ɗin da ko silifas ba zai riƙe ba. Na nemi a danne da guduma kaɗan, ta ɗauke gudumar daga kusa da ni. Ta sa ni riƙe fiffiken kusan awa guda a bakin shago, masu wucewa suna kallona. Wai kada in taɓa shi sai gobe war haka.

Da zan tafi ta ce ba wanda zai ji daga bakinta. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan la'asar na ja fiffiken. Ya riƙe. Na sake ja.

Asabar, 12 ga Oktoba

Jirgin ya tashi. Ya zaga filin makaranta sau uku, ya sauka lafiya. Malam ya kira ni gaban jama'a, ya ce ga gwanin da ya ceci aikinsa na wata huɗu, aka soma tafi. Madam Janet tana layin baya tana tafawa da su, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Na shirya jawabin godiya tun asuba. Abin da ya fito daga bakina shi ne: "Malam, ni na lalata. Madam Janet ce ta gyara." Aka yi dariya, har da waɗanda na koya wa riƙe fensir. Ban san dalilin da ya sa na faɗa ba, kuma ba na yafe wa masu dariyar.

Ranar Litinin zan leƙa shagonta. Ina so ne kawai in kwafi sunan gam ɗin daga jikin gwangwani.