Ƙahon Kawu da Murfin Robar Bota

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin ƙarshen wata. Abin farin ciki ne ya same ni, irin wanda ban taɓa sa rai ba, amma ga shi ya hana ni sukuni.

Ni mai gyaran firji ne, na ba arba'in baya, ina da mata da yara uku. Tun ina saurayi nake son kaɗa jita, kuma kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini. A zamaninsa idan ya rungumi jita, ko rigima ake yi sai an tsaya an saurara. Yana da wata al'ada. Duk wanda ya koya wa, ranar da ya ga hannunsa ya fara faɗawa, sai ya sassaƙa masa fik, wato ɗan abin nan da ake riƙewa da yatsu biyu ana kaɗa tsirkiya da shi. Da ƙahon shanu yake yin nasa, mai kauri, ya goge shi har ya yi santsi. Na roba kuwa a wurinsa kayan wasan yara ne, ko ɗakinsa ba a shiga da shi.

Ranar da ya ba ni nawa ji na yi kamar an ba ni mota. To amma Anti, shekara da shekaru ina kaɗawa da ƙahon nan, abin da ke fitowa sai ka ce ana zuba tsakuwa a kan rufin kwano. Tsirkiyar da na tsinka Allah kaɗai ya san yawanta. Da na ɗauko jita matata za ta tuna tana da aiki a kicin, ta kuma ja ƙofa. 'Yata ta fari ta taɓa tambayata, da zuciya ɗaya, ko gyaran jitar nake yi. Kawu bai taɓa kushe ni ba, kullum dai in sassauta hannu, in sassauta hannu. Yaya mutumin da ya wuni yana kokawa da sufana zai sassauta hannu? Na haƙura, na ce ni dai ba a ba ni baiwar ba.

Watan jiya abokan sana'a suka shirya wa tsohon maigidanmu liyafar rana don zai ajiye aiki, suka sa sunana cikin masu nishaɗantarwa. Na san dariya suke nema. Da safen ranar na nemi fik ɗina sama ko ƙasa na rasa. Na birkice shago, na zazzage akwatin kayan aiki, babu. Cikin wani firji da aka kawo gyara na ga robar bota wadda ba komai a ciki. Na cire murfin, na yanka da almakashi, na goge bakin da samfefa, na ce in ma kunya ce yau a gama ta.

Anti, bugun farko na tsaya na dubi jitar, don na ɗauka an musanya mini. Sauti ya fito a haɗe, mai taushi, hannuna yana sama yana ƙasa ba abin da ke sarƙewa. Waɗanda suka zo dariya su suka karɓi amshi. Maigidanmu ya cire tabarau yana share ido. Matata, wadda ta biyo ni don ta ba ni haƙuri a hanyar komawa, sai ga ta a tsaye tana ɗauka a waya tana gaya wa na kusa da ita cewa mijinta ne. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Yanzu har wasu masu kiɗa da ke wasa a wani ɗakin taro sun ce in zo in riƙe musu jita, wasan farko ƙarshen watan nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Kawu ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun damansa ba ya motsi, jitarsa na rataye a bango. Mahaifiyata ta kai masa labari, amma ba ta san zancen murfi ba. Ya ce a kai shi wurin wasan a keken guragu, a ajiye shi a layin gaba, yana so ya ji ƙahonsa ya sake magana tunda nasa hannun ya ƙi. Fik ɗin kuma ya fito, matata ta tsince shi a aljihun rigar aikina. Na gwada shi jiya, tsakuwar nan dai ce. In na kaɗa da shi na zubar da damata a gaban jama'a. In na kaɗa da roba, ko bai gani ba kunnensa zai gaya masa tun bugun farko. Ina son mutumin nan kamar uba. Yaya zan yi?

Mai Gyaran Firji

Ƙanena, barka da arziki. Na yi dariya na kuma yi murna, ka gaida mini uwargida mai ɗaukar bidiyo.

Ka fara cire wa ranka cewa wani ya yi kuskure. Fik mai kauri ba ya lanƙwasa, ya dace da mai tsintar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya da sauƙin hannu, kuma daga bayaninka haka kawunka yake kiɗa. Kai kuwa share tsirkiyoyin kake yi gaba ɗaya, ga nauyin hannu, don haka kana bukatar siriri wanda zai ba da kai ya wuce. Abin da ya san yana aiki shi ya ba ka, da ƙauna ya ba ka. Hannunku ne ba ɗaya ba.

Kada ka hau dandamali da ƙahon don kara. Za ka ɓata wa masu kiɗan nan wasa, kuma tsohon zai koma gida da tunanin koyarwarsa ba ta yi amfani ba. Kada kuma ka bari ya gano a tsakiyar jama'a, wannan zai yi masa ciwo fiye da komai.

Ka je gidansa a makon nan, kai kaɗai, da jitarka. Ka nemi izinin shiga da robar, tunda ɗakinsa ne. Ka kaɗa masa waƙa ɗaya da ƙaho, ka maimaita ta da murfi, sannan ka yi shiru. Zai iya ɓata rai, ka bar shi ya ɓata, makaɗi ba ya iya musu da kunnensa na dogon lokaci. Idan ya huce, ka roƙe shi ya tsara maka 'yar gajeriyar shimfiɗa a hankali, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, wadda za ka buɗe wasan da ita da ƙahonsa kafin ka sauya. Bakinsa na aiki, zai iya gyara maka. Ka kuma biya shagon kayan kiɗa ka sayi fik siriri da matsakaici ka gwada, don murfin bota zai iya tsagewa ana tsaka da wasa.

Mutumin nan ya yi shekaru yana sauraron famanka bai taɓa ce maka ka ajiye ba. Ya cancanci ya ji ranar da ka iya, ya kuma cancanci ya riga kowa sanin dalili. Allah ya ba shi lafiya, ya sa ka tashi mutanen ɗakin taron nan tsaye, kawu yana layin gaba.