Mijina Ya Rubuta Wa Kansa Takardar Gayyata

Anti, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani.

Mijina lauya ne, amma ba irin masu manyan motocin nan ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya: wanda aka tsare ba shari'a, wadda aka kora daga aiki ba dalili. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman shagon tela, da benci biyu da fanka mai kuka. Wallahi ina alfahari da shi. Sai dai duk garin nan ni kaɗai ce ba ya saurara. Da na buɗe baki waya za ta yi ƙara, sai ya ɗaga min hannu, wai an ɗage zama zuwa gobe.

Ina da ciki wata uku, bayan shekara tara muna jira. Sau huɗu ina ɗauko maganar ana ɗage ta. Ranar Talata abin ya ishe ni, na tafi ofishin, na karɓi lamba na hau benci. Ga mura ta dushe min murya, ga takunkumi a fuskata. Da layi ya zo kaina ko ɗago kai bai yi ba, rubutu kawai yake. Na ce mijina ba ya saurarena. Anti, sai ga bawan Allah ya harzuƙa! Wai wannan zalunci ne tsagwaronsa. Nan take ya rubuta takardar gayyatar sulhu, ya buga hatimi, ya ce in cike sunan mijin in kai masa, kada in ji tsoronsa.

Na yi dariya a matakala, na yi kuka a mota. Takardar tana jakata. In kai masa, ko zai ga na ci masa fuska?

Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raba lafiya.

Mijinki ba mugu ba ne. Mutumin da ya fusata don an ƙi sauraren matar da bai sani ba yana da zuciya, idonsa ne kawai ya maƙale a takarda. Ke ma da naki: ki daina janyewa don waya ta yi ƙara. Amma gaskiya tana wajenki. Duk wanda ya hau matakalar nan ana jin kukansa, ke da ke gida ba a jin naki.

Ki cike sunansa da kyakkyawan rubutu, ki miƙa masa a gida, ku biyu, ba a gaban jama'arsa ba. Wayarsa kuwa, ki sa ta a durowa. Zai ji kunya, ki bar shi ya ji, ba ta kisa. Ki roƙi awa ɗaya kullum wadda ba a ɗagewa. Sannan ki gaya masa albishir ɗin, ki ƙara da cewa mai ƙara na biyu yana hanya, kuma shi ba ya karɓar lamba.

Allah ya sauke ki lafiya, ya bar ku tare.