Acar Ɗin da Ya Tafi Auckland a Akwati

Labasa, Fiji, 3 ga Maris

Zuwa ga Malam Intaz Hussein, mai kanti a Auckland.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa daidai gwargwadon wadda ake yi wa wanda ake bincike, wannan takarda daga Babban Kwamishinan Harajin Tsibirai ce, da Ruwan da Ke Tsakaninsu.

Yayarka Hamidan, mai injin niƙa a bayan kasuwar Labasa, ta ce shekara uku ke nan tana sayar maka da acar, mangwaron nan da take tsumawa cikin mai da yaji. Ba ta ɗora maka harajin VAT ba, tunda kayan da suka bar ƙasa ba a ɗora musu. Wannan daidai ne. Amma doka na son takardar da ta nuna sun bar ƙasar, ita kuwa ba ta da ko ɗaya, don kai ka ce biyan kuɗin jirgi ɓarna ce. Duk mai zuwa biki ko ta'aziyya a Auckland sai a cusa masa kwalabe tsakanin zannuwa. Ka sani akwatin tsohuwa ba takardar kwastan ba ne.

In babu shaida kafin ƙarshen wata, za mu ɗauka a Labasa aka sayar da kayan, ta biya harajin shekara uku. Ba ta da inda za ta samo shi sai ta sayar da injin.

Ta kira ka sau goma sha ɗaya ba ka ɗauka ba. Muna ƙirgawa. Aiko da rasitan kantinka zuwa Akwatin Gidan Waya 214.

Wassalam,
Babban Kwamishina

Auckland, 11 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ban girma. Takardarku ta same ni, tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. Kayan sun iso hannuna, wallahi ko kwalba ɗaya ba ta ɓace ba. Rasitai kuma suna wurin akanta, shi kuwa ya yi tafiya. A ƙara min wata biyu. Wayata ma tana ba ni matsala kwanakin nan.

Naku mai biyayya,
Intaz Hussein

Labasa, 17 ga Maris

Malam Intaz,

Salamu alaikum a taƙaice, muna da aiki.

Ofishinmu ya san wannan akantan. Shi ne ya yi tafiya lokacin da aka nemi gudummawar rufin masallaci. Mun kuma san tun kana yaro, in ka saci mangwaro a gonar raken maƙwabcinku Dukhi, akuya kake ɗora wa laifi. Gwamnati ba ta mantuwa.

Jiya wani mutumin garin Seaqaqa ya zo ya zagaya injin sau uku, ya ƙwanƙwasa shi, ya taya shi kuɗin tsohon keke. Yayarka ta ba shi shayi, ta ce za ta yi shawara. Da ya tafi ta ɗauki tsumma tana goge injin, alhali da safe ta goge shi. Ma'aikacinmu ya gani da idonsa. Ba ta cin abinci, sai kai da kawo tsakanin ɗaki da tsakar gida.

Saura mako biyu. Wata biyun da ka roƙa ba mu da su.

Babban Kwamishina

Auckland, 23 ga Maris

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa. Sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagawa.

Babu akanta. Babu kanti. Shekara biyu ke nan da na rufe shi, kuɗin haya ya fi ƙarfina. Tasi nake tuƙawa.

Lokacin da mijinta ya rasu, yayata ta yi wata shida ba ta kunna injin ba. Odar da na fara yi mata ce ta tashe ta. Na ji ta da kunnena tana gaya wa maƙwabciya, "Ni yanzu har ƙasar waje ina da masu saye." To da kantin ya mutu, da wane baki zan faɗa mata? Sai na ci gaba da yin oda, ina tura kuɗin daga abin da tasi ta kawo.

Kwalaben suna garejina, ɗari uku da arba'in, jere har rufi. Kowace da kwanan wata a murfinta da rubutun hannunta, da sunan wanda ya ɗauko ta. Muna ci, muna rabawa, ba sa ƙarewa. Matata ta ce ko tabarmar salla a gidan nan ƙanshin acar take yi.

Shi ya sa ban ɗauki wayarta ba. Ku ɗora min harajin, zan biya kaɗan-kaɗan. Ku bar mata injinta. Abu ɗaya nake roƙo don Allah: kada ta ji wannan magana.

Naku,
Intaz

Labasa, 27 ga Maris

Mamu, kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Mami da yara.

Kafin ka yi fushi, karanta har ƙasa. Harajin gaskiya ne, wa'adin gaskiya ne, mutumin Seaqaqa ma gaskiya ne. Kwamishinan ne kawai babu shi. Akwati 214 na makarantarmu ne, ni nake ɗauko wa malaminmu Maulana wasiƙu. Na so in firgita ka ne ka ɗauki waya, in yi dariya. Da na karanta taka ta ƙarshe a gindin bishiyar gidan waya, dariyar ba ta zo ba.

Na je ofishin haraji na ainihi. Matar da ke kan takardunmu ta ce a kawo hotunan kwalaben yadda rubutun murfin zai fito, da takardun turo kuɗi, da sunayen matafiyan. Ba ta yi alkawari ba, ta ce za ta duba. Ka ga abin da kake ɓoyewa shi ne kaɗai shaidar da muke da ita. Ka ɗauki hotunan yau, ka turo ta waya, gidan waya ba zai kai mu ba.

Saura magana ɗaya. Ammi, mahaifiyata, ita ce za ta sa hannu a takardun ranar Litinin, kuma ka san ta, ba ta sa hannu a abin da ba ta juya shi ciki da bai ba. Za ta ga garejin. Ban gaya mata komai ba, ba kuma zan gaya mata ba. Ko ta ji daga bakinka, ko ta gani a hoto a gaban baƙuwar mace. Bayan Azahar tana zama kusa da waya. Kullum tana zama, tun kira na farko.

Ka yafe min zancen akuya, Ammi ce ta ba ni labarin.

Ni ne wanda ya rubuta duka ukun, wanda ka taɓa cewa da karatun makarantar Maulana kaɗai ba zai iya rubuta wasiƙar da wani zai karanta har ƙarshe ba.

Ɗan yayarka,
Faiyaz